Ƙailular Maharazu Mai Zana

Maharazu bai taɓa neman muƙami ba, muƙamin ne ya same shi a kwance. Sana'arsa saƙar zana, gadon gidansu ce, kuma duk wanda ya san shi tsakanin Kura da Bunkure zai shaide shi da abu biyu: ba ya ƙarya, ba ya kuma wasa da ƙailula. Siririn mutum ne mai dogon wuya, magana ma sai ta zama dole. Da an sallame azahar zai nemi inuwa ya miƙe, ko da kuwa gari ya kama da wuta ne.

Da ruwan Tiga ya iso gonakin yankin aka kama noman rani, tumatir ya yi yawa har ya rasa masauki, sai kasuwa ta tsiro da kanta a Kwanar Marke, bakin kwalta. Dillalai suka kakkafa rumfuna a jere, tsakanin kowace rumfa da 'yar'uwarta akwai zana, kuma duk Maharazu ne ya saƙa su ya ɗaura. Wanda bai ga kasuwar nan a farkon shekarun tamanin ba bai san hayaniya ba. Manomi zai sauke kwandonsa, wannan dillali ya taya, na kusa da shi ya leƙo ta saman zana ya ƙara, na can ƙarshe ya taho da gudu yana rantsuwa yaran wancan macuta ne. A ja kwando nan, a ja can, direbobin kurmi suna ta danna oda. Manoma kuwa wannan ihun shi ne abincinsu, don tumatir ba ya jiran kowa, yau ja ne jawur, jibi ya zama ruwa. In dillalai suna faɗa, manomi ya koma gida da fara'a.

Wata rana dillalai biyu maƙwabta suka ga ihun ya ishe su, suka shirya su haɗa jari su zama rumfa ɗaya. To, haɗa rumfa sai an cire zanar tsakani, don haka suka kira Maharazu. Ya ce shi ba zai taɓa ba sai da izinin Sarkin Kasuwa. Sarkin Kasuwa na lokacin tsoho ne mai ciwon ƙafa, abin da ya fi ƙi a duniya shi ne a kawo masa shari'a, sai ya tambaye su zanar wa ya saƙa, suka faɗa, ya ce to su je su tambayi mai zanar. Suka dawo wa Maharazu daidai an idar da azahar, idonsa ya fara lumshewa. Don dai ya rabu da su ya ce ɗayansu ya kame bakinsa yau ɗin nan kamar an riga an haɗe, shi zai ɗan kishingiɗa a gindin marke, in ya tashi sa yi magana.

Bai samu barcin ba. Sauran dillalan sun ci gaba da tsaga kasuwa da ihu, ya juya dama, ya juya hagu, a banza. Ya tashi ransa a ɓace ya ce kasuwar da ta hana shi barci ba ta rasa komai ba, ya zaro wuƙa ya yanke igiyar zana. Ba a jima ba wasu biyun suka zo da irin wannan buƙata, manya ne su, masu murya. Aka sake gwadawa, ɗaya ya yi shiru, Maharazu ya miƙe, bai farka ba sai da ladan ya kira la'asar. Ya goge bakinsa ya ce ba za a cire ba, kasuwar da mutum zai yi barci a cikinta an cuci manomi. Shi ke nan fa, doka ta kafu. In ya yi barci an hana, in bai yi ba an yarda, kuma ba wanda ya taɓa zama ya ce a yi haka.

Daga nan Maharazu ya shiga daula. Duk ranar gwaji manoma za su yi masa sammako da fura mai kauri da nono, wani ya kawo tuwon dawa da man shanu, wani ya tsaya a kansa da mafici. Dillalai kuma su cika masa aljihu da goro, su dafo shayi baƙi ƙirin mai ɗaci. Shi kuwa bawan Allah ya karɓi na kowa ya cinye, ya ce ai in sun haɗu a ciki sa sasanta kansu. An taɓa ɗauko masa makaɗan kalangu daga Kura don su hana shi runtsawa, ya yi barcinsa lafiya lau a ƙarƙashin kiɗan, da ya tashi ya ce kunnensa ya san bambancin kiɗa da ciniki. An taɓa zuba masa cinnaku a ƙarƙashin tabarma, ranar kam bai yi barci ba, amma ya ce a sake gwaji gobe, ya kuma kwashe mako bai amsa sallamar wanda ake zargi ba. Akwai masu cewa yana hana haɗin rumfa ne don kada cinikin zanarsa ya ragu. Ƙarya suke yi, Allah ya shirye su, mutumin da ko kuɗin gyaran zana sai an tuna masa.

A gida kuwa akwai Zuliha. Allah ya jiƙan Zuliha, mace ce da ba ta san shiru ba. Tun asuba za ta fara, ta yi da awaki, ta yi da tukunya, ta yi da maƙwabciya ta saman katanga, in an kunna rediyo ta riƙa mayar wa mai karanta labarai amsa tana gyara masa zance. Fiye da shekara talatin suna tare, ba su samu haihuwa mai rai ba, kuma bai ƙara aure ba. Mutane suna tausaya masa, suna cewa shi ya sa yake neman inuwar kasuwa ya huta. Shi dai bai taɓa kawo ƙararta wurin kowa ba, bai kuma taɓa kama sunanta a gaban mutane ba, sai dai ya ce mai ɗakina, irin kunyar mutanen da.

Shekarar da aka canja kuɗi, da damina, zazzaɓi ya kwantar da ita, kafin mako ya zagayo ta cika. Maharazu ya karɓi gaisuwa da haƙuri kamar yadda ya kamata. Wasu marasa tunani har suna raɗa wa juna cewa yanzu kunnensa zai sarara. Ba su san komai ba. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa. Gidan ya yi tsit, shi kuma da zarar wuri ya yi tsit sai kunnensa ya miƙe yana jiran muryar da ba za ta zo ba. Ya sha rubutu, ya sha saiwa, ya je asibitin Kura aka ba shi ƙwayoyi, duk a banza. Sai dai ya ɗan yi gyangyaɗi a cikin motar haya in fasinjoji suna gardama.

Da rani ya kama, dillalai suka lura idon Maharazu ya faɗa, suka kuma gane abin da hakan ke nufi tun kafin shi ya gane. Aka yi ta kawo buƙatar haɗin rumfa. Zai sha furar manoma har cikinsa ya yi tsini, ya miƙe a gindin marke, idonsa ƙyar a kan ganye har la'asar. Ya tashi ya faɗi gaskiya, bai yi barci ba, ya yanke igiya. Da farko ya ɗauka kasuwar ce har yanzu da sauran ƙarfinta. Kafin ya fahimci barcinsa ne ya juye, rani biyu sun wuce, zanaki sun taru a bayan ɗakinsa gara tana ci, kasuwa kuma ta koma rumfa biyu manya, ta Alhaji Ibrahimu da ta Alhaji Iliyasu, da zana ɗaya tal a tsakaninsu.

Duk da haka manoma ba su fid da rai ba, don alhazan nan biyu ba sa ga maciji da juna. Tun wata rigima da suka yi kan direban Ibadan suke gaba, in ɗaya ya taya kwando sai ɗayan ya ƙara ko da zai faɗi, don dai kawai ya ƙona masa rai. Wadda ta fi kowa cin moriyar wannan gaba ita ce Saude, ƙanwar Maharazu uwa ɗaya uba ɗaya, gidanta katanga ɗaya da nasa. Mijinta ya rasu ya bar mata marayu da eka guda a bakin kanal, da ita take ci da su, da ita take sayen taki. Ta ƙware, takan sa a jere mata kwandunanta daidai bakin zanar tsakani, rabi ta nan rabi ta can, ta koma gefe ta gyara mayafi ta bar alhazai su ci junansu. Sai ga shi Allah ya sake kiran alhazan aikin hajji shekara ɗaya, aka haɗa su jirgi ɗaya, masauki ɗaya. Suka dawo kowa da haƙorin Makka, suna kiran juna ɗan'uwa, suna cewa ai gaba ba ta halatta ba. Liman ya yi murna ya sa musu albarka. Saude ta ji labari ta zauna a tsakar gida ta riƙe kai, don ta san abin da zai biyo baya, kuma bai daɗe ba ya biyo: alhazai suna so a cire zana.

Manoma suka ɗunguma wurin Sarkin Kasuwa. Tsohon ya rasu, ɗansa Surajo ne a kai, wanda ya yi aikin masinja a wani kamfani a Kano ya dawo da kalmar kwamiti a bakinsa kamar goro. Suka ce a gyara tsarin duba haɗin rumfa, mutumin nan ya daina barci, an kusa gamawa da su. Dillalai ma suka ce a gyara, fura ta yi yawa a cikin shari'a. Surajo ya ji daɗi ƙwarai, ya ce dama bai dace a ce abincin jama'a yana rataye a fatar idon mutum ɗaya ba, zamani ya wuce nan. Ya kwana biyu yana tunani, sannan ya tara kasuwa ya bayyana sabon tsari. Daga yau tabarma uku za a shimfiɗa: ta wakilin manoma, ta wakilin dillalai, da ta Maharazu a tsakiya don girmamawa, kuma rinjaye za a bi. An haramta fura, an haramta goro tun daga safiyar ranar gwaji. An naɗa Hambali wanzami ya zama mai tabbatar da barci, tunda ya saba riƙe kawunan mutane ya san mai barcin gaske da mai lamɓo. Sannan babbar doka, 'yan kwamiti ba su da ta cewa, hukunci a ido yake, ba a baki ba.

Kowa ya yaba, har da tafi. Maharazu ne kaɗai ya ɗaga hannu ya ce yana da magana, barcinsa ya juye, yanzu shiru ne yake hana shi runtsawa, don haka in an gan shi ido biyu a fassara shi a juye. Surajo ya saurare shi cikin ladabi, ya ce Baba, ai abin da aka gyara ke nan, an daina fassara. Manoma suka zaɓi Baballe, mutumin da ya taɓa yin barci a kan jaki har jakin ya kai shi Bunkure. Dillalai suka kawo wani ƙanin Alhaji Iliyasu da ciwon haƙori ya kumbura wa kunci, suka kuma hana shi zuwa a cire. Ko yaro ya san ɗaya da ɗaya ke nan, an zagaya an zagaya an dawo kan fatar idon Maharazu.

Da hantsin ranar gwaji Saude ta same shi a zaure yana gyaran gamba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta tsaya kwana-kwana ba.

"Yaya, in aka cire zanar nan, ni da yaran nan mun shiga uku. Baki ɗaya zai riƙa yanka mana farashi, kuma ka san tumatir ba ya komawa gida."

"Na sani, Saude."

"To ka rufe ido mana. Ba cewa na yi ka rantse da Alƙur'ani ba, ido kawai za ka rufe."

Ya ce rufe ido don a ɗauka barci ne, ai ƙarya ce da ba a furta ba, shi kuma ya tsufa da koyon sabon hali. Saude ta tashi ranta a ɓace. Ta faɗa masa maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa wa, ta ce gaskiyarsa ba za ta cika wa marayu ciki ba, ta ce ya ji daɗinsa shi da ba shi da bakin ciyarwa. Wannan ta ƙarshen ta soke shi, ita ma ta san ta soke shi, amma ba ta janye ba, ta fice.

Aka sallame azahar aka shimfiɗa tabarmi uku a gindin marke, kasuwa ta kewaye su. Alhaji Iliyasu ya kame bakinsa shi da yaransa kamar yadda gwaji ya tanada, aka bar Alhaji Ibrahimu shi kaɗai yana taya kaya. Baballe tun bai gama cire takalmi ba ya fara minshari. Mai ciwon haƙori ya kwanta yana nishi yana kiran sunayen Allah. Maharazu ya miƙe a tsakiya ya kalli ganye.

Bai taɓa jin Kwanar Marke haka ba. Yana jin ruwa yana gudu a kanal, yana jin ƙuda a kan ruɓaɓɓen tumatir. Alhaji Ibrahimu yana taya kwanduna a hankali cikin sanyin murya, sai ka ce gaisuwar mutuwa ya zo. Da a da ne, irin wannan shirun ko alwala bai bushe ba zai yi gaba. Yanzu kuwa idonsa tar. Can ya ji an iso kan kayan Saude. Alhaji ya taya, tayin wulaƙanci. Ta ce albarka. Maharazu ya kasa kunne ya ji wanda zai ƙara, ba kowa. Alhaji ya maimaita tayinsa bai ƙara ko kwabo ba, ta sake cewa albarka, amma muryar ta ƙanƙance har da ƙyar ya gane ta ƙanwarsa ce. Tausayinta ya kama shi, ya ji ba zai iya ba. Ya yi istigfari a zuci tun kafin ya aikata laifin, ya rufe ido.

To, a nan aka samu matsala. Duk kasuwar nan, babba da yaro, ba wanda bai taɓa ganin Maharazu yana barci ba sai mutum ɗaya, shi kansa. Ya rasa yadda ake yi. Ya saurari Baballe a gefensa ya ce to, ashe haka ne, ya ja numfashi ya saki wani irin minshari kamar injin ban ruwa ya shaƙi yashi. Ya ga kamar bai isa ba, ya ƙara da fito a ƙarshe, har da ɗan karkaɗa leɓe. Sai wani ya tuntsire da dariya ya toshe baki da hula, manoma suka sunkuyar da kai. Hambali wanzami ko taɓa shi bai yi ba. Ya tsuguna kusa da kunnensa don kada ya kunyata shi da yawa, ya ce, "Malam Maharazu, yi haƙuri ka tashi. Ido biyu kake."

Surajo ya bayyana sakamako, ɗaya ya yi barci, biyu ba su yi ba, an amince. Ya ƙara da cewa sabon tsari ya nuna amfaninsa tun a ranar farko, tunda ga shi har ya kama maguɗi. Maharazu ya tashi, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ƙaryarsa ɗaya a duniya, ya yi ta a gaban kasuwa guda, kuma ba ta saya wa kowa komai ba. Da hannunsa ya yanke igiyar zanar ƙarshe, ya naɗe ta ya ɗora a ka. Alhazai suka rungume juna. Saude ta sallama kayanta a yadda aka taya, don rana ta riga ta fara taɓa su.

Hanyarsu ɗaya, ta bakin kanal. Yana gaba da zana, tana biye, har suka wuce gonakin albasa. Ita ta fara magana, ta ce ya yafe mata abin da ta faɗa da safe, ta ga abin da ya yi dominta. Ta ce bana dai ta gama kai ɗanye kasuwa, sai dai ta yanka ta shanya kauɗa a bakin titi, in ya so abin da Allah ya yi. Ya ce ba komai. Suka ƙara tafiya, sannan ya tambayi abin da yake cin sa, wai ta yaya aka gane shi nan take, ko minsharin ne bai yi ƙarfi ba.

Saude ta tsaya. "Yaya, kai ai ba ka minshari. Da ka gaya mini za ka yi, da na koya maka."

"To me nake yi?"

Ta kawar da kai ta kalli ruwa, don maganar da nauyi. "Magana kake yi. Da barci ya ɗauke ka sai ka ce, Zuliha, rage murya mana. Sai ka yi murmushi. Da an ji haka dillalai sun san sun faɗi."

Ya ce tun yaushe. Ta ce tun gwajin da ya fara yin barci, duk kasuwa ta sani, har direbobin kurmi sun haddace, kunya ce ta hana a gaya masa, mutumin da ko a farke ba ya kama sunanta.

Maharazu ya sauke zanar a hankali ya jingine ta da bakin kanal. Ya dubi Saude ya ce, "Ita ta sani?"

"Duk ranar gwaji sai ta leƙo ta katanga ta tambaye ni ko ka kira ta."

Ya zauna a kan simintin kanal, ya ce da Saude ta wuce gida yara suna jira, shi zai taho daga baya. Ba ta wuce ba, ta gyara mayafinta ta zauna nesa kaɗan da shi.